Allurar barci da allurar baya: abin da suke yi wa jiki, da yadda ake tsare majinyaci

Maganin da ke hana mutum jin wuƙar likita ba zafi kaɗai yake kashewa ba. Yana taɓa ayyukan da jiki ke yi da kansa ba a sa shi ba: jan numfashi, tari idan wani abu ya faɗa maƙogwaro, riƙe ƙarfin jini a jijiyoyi, da tsare ɗumin jiki. Muddin maganin na aiki, dole wani ya ɗauke wa majinyaci waɗannan ayyuka har jikinsa ya karɓe su. A ɗakin tiyata ma'aikacin sa barci ne ke riƙe da su. Da an gungura gado zuwa ɗakin kwanciya kuwa, ko a Garwa ne, ko Marwa, ko Ngaundare, ko Kusiri, ko Njamena, nas tana da gadaje da yawa da za ta zagaya, wanda ke zaune a gefen gadon dare da rana shi ne mai jinya: uwa, ko miji, ko ƙanwa.

Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, aka wallafa a mujallar Lancet a 2018, ya bi majinyata fiye da 11,000. Ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata a nahiyarmu ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu, kuma kusan duk mace-macen sun auku ne a kwanakin da suka biyo bayan aikin, bayan an riga an sauko da mutum daga tebur lafiya. Shi ya sa muka haɗa wannan bayani domin majinyaci da mai jinyarsa, da kuma sabbin ma'aikata. Adadin magungunan da muka ambata na ma'aikatan da aka horar ne kaɗai.

Abin da za ku faɗa mana kafin ranar aiki

Tambayoyin da ma'aikacin sa barci ke yi ba bin diddigi ba ne. Kowace amsa tana iya canza maganin da zai zaɓa ko yawan da zai ba da. Ku zo da kwalin duk maganin da majinyaci ke sha, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya, har jiƙo da garin da ake zubawa a kunu. Mai hawan jini yakan ci gaba da shan amlodifin ko atenolol da safen ranar aiki da kurɓin ruwa ɗaya, amma kaftofiril da enalafiril sau da yawa akan tsallake su a ranar, saboda idan suka haɗu da maganin barci jini yakan faɗi ƙasa sosai. Mai ciwon suga ba ya shan metfomin ko gilibenkilamid alhali bai ci abinci ba, sai a auna sugansa a san abin yi. Mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini ya faɗa tun da wuri, don ana iya fasa yi masa allurar baya gaba ɗaya.

Maganar tiramol dole mu yi ta a fili. Matasa da yawa a wannan yanki, masu babur da masu aikin ƙarfi, suna shan sa kullum, kuma kunya takan sa su ɓoye. Jikin da ya saba da tiramol ba ya jin adadin maganin zafi da aka saba bayarwa, yana iya yin jijjiga, kuma idan aka yanke masa rana ɗaya sai ka ga gumi da rawar jiki da fitina, a ɗauka wata cuta ce ta ɓullo. Haka ma mai shan bilbil ko argi kullum. A keɓe ma'aikacin a gaya masa yawan da ake sha a rana, maganar ba za ta fita ba.

A faɗi idan akwai sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko zazzaɓi a cikin makon, ko haƙori mai girgiɗi ko na sawa. A faɗi idan wani na jini ya taɓa rasuwa ko shan wahala wajen allurar barci, don akwai matsalolin da ake gado. Yaro mai mura da majina mai kauri ko tari mai kurman ƙirji, wanda ya yawaita lokacin hunturu, akan ɗaga aikinsa mako 2 zuwa 4 idan ba na gaggawa ba ne, saboda maƙogwaronsa na saurin rufewa. Mata su bar yatsa ɗaya ba baƙin lalle ba jan farce, a nan za a maƙala na'urar awon oksijin. Zobe, awarwaro, sarƙa, guru da laya mai ƙarfe a ciki a cire a ba wani amintacce ya riƙe, domin na'urar ƙona jijiyoyin da ke zubar da jini da lantarki take aiki, ƙarfe a jikin fata na iya jawo ƙuna.

Hana ci da sha

Ga ƙa'idar: awa 6 ba abinci, awa 8 idan abinci mai maiƙo ne kamar soyayyen nama ko tuwo da miya mai mai, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga ruwa zalla ko shayi marar madara. Kunu, koko, fura da nono, shayi mai madara, madarar gwangwani ta jarirai, duk abinci ne, awa 6 suke buƙata. Goro ma haka. Idan iyali na son ba da rubutu ko zamzam, a ba da tun da dare ko a kiyaye waɗannan awoyi, rubutun da aka zuba wa gari kuwa a lissafa shi cikin abinci.

Dalili shi ne ciki na ɗauke da ruwa mai tsami ƙwarai. Mai barcin magani, ƙofar da ke tsakanin ciki da maƙoshi takan saki, kuma ba ya iya tari idan ya ƙware. Abin da ya taso sai ya gangara huhu ya ƙona shi. Wani likita a Amurka mai suna Mendelson ya bayyana wannan tun 1946 a kan mata masu haihuwa, kuma har gobe yana kisa. Uwar da tausayi ya sa ta ba yaro kunu a ɓoye, don Allah ta faɗa. Ɗaga aiki na awa 6 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Mai naƙuda, wanda ya yi haɗari, da mai toshewar hanji, ana ɗaukar cikinsu a cike ko yaushe suka ci, saboda zafi da tsoro suna tsayar da narkewar abinci. Ga wanda ya faɗi a babur, abin tambaya shi ne awa nawa tsakanin cin abincinsa da faɗuwar.

Wuce gona da iri ma yana da illa. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Marwa da Kusiri da Njamena, mutumin da aka hana ruwa tun tsakar dare aka shiga da shi da la'asar ya riga ya bushe, jininsa zai faɗi da zarar magani ya shiga, ƙaramin yaro kuma sugansa zai sauka. Ga mai sikila bushewar jiki kaɗai tana iya tayar da ciwo. Idan aiki ya yi jinkiri, mai jinya ya tambaya: a ba shi ruwa, ko a sa masa ƙarin ruwa?

Allurar baya

Allura ce da ake yi a gadon baya ta kashe jin zafi a rabin jiki na ƙasa, ita ce ma'aikata ke kira rashi, kuma ita aka fi yi wa mai haihuwa ta tiyata, da mai gwaiwa, da mai karayar ƙafa. Wani likitan Jamus, August Bier, ya fara yin ta a 1898. Mutum yana farke, yana numfashi da kansa, uwa tana jin kukan jaririnta. A inda kayan aiki ba su wadata ba, ta fi barcin gaba ɗaya aminci ga mai ciki, da sharaɗin an shirya mata.

Kafin allura ta taɓa baya, a tabbatar da waɗannan: allurar jijiya mai faɗi, lamba 18 ko 16, da ledar ruwan Ringer tana tafiya sosai. Efedirin, maganin ɗaga jini, a cikin sirinji, kwalba mai miligiram 30 a tsinka ta kai mililita 10, kowace mililita ta zama miligiram 3. Atirofin, mai ƙara bugun zuciya, a kusa. Oksijin a buɗe, jakar hura numfashi, fitilar duba maƙogwaro mai batir mai kyau, bututun numfashi da na'urar zuƙe majina. Idan oksijin daga injin tace iska yake fitowa, a tuna cewa da ɗaukewar wuta yake tsayawa, a ajiye tukunyar oksijin ko a san wanda zai tayar da janareta.

Majinyaciya ta zauna a bakin tebur, ƙafafu a kan kujera, ta rungumi matashi, haɓa a ƙirji, baya a ranƙwafe. Layin da ya haɗa saman ƙasusuwan ƙugu biyu yana ratsa wajen ƙashi na 4 na gadon baya na ƙasa. A nan ake shiga, tsakanin na 3 da na 4 ko na 4 da na 5, saboda lakar babban mutum takan ƙare a wajen ƙashi na 1 zuwa na 2, ƙasa da haka allura ba ta tarar da ita. Sai ruwa garai-garai ya ɗigo kafin a tura magani. Ga aikin ciro jariri, maganin da ake turawa shi ne bufibakayin mai nauyi, wanda ya fi ruwan laka nauyi, na kashi 0.5 cikin ɗari, miligiram 10 zuwa 12.5, wato mililita 2 zuwa 2.5.

A karanta sunan da ke jikin kwalbar da ƙarfi, wani ya sake dubawa. Kwalbar asid tiranekzamik, maganin tsayar da zubar jini da ke zama a ɗakin haihuwa, takan yi kama da ta bufibakayin, kuma an sha tura shi a baya bisa kuskure a ƙasashe daban-daban har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2022. Wadda aka yi wa haka ƙafafunta ba sa mutuwa, sai ciwon baya da fizge-fizge da jijjiga, kuma da yawa ba sa tashi. Kada a ajiye su a tire ɗaya.

Babbar matsalar allurar baya ita ce faɗuwar jini. Tare da jijiyoyin jin zafi, maganin na kashe waɗanda ke matse hanyoyin jini. Hanyoyin sai su buɗe, kamar a ƙara wa tiyo faɗi ruwan cikinsa bai ƙaru ba, jini ya taru a ƙafafu da ciki, abin da ke komawa zuciya ya ragu. Ga mai ciki abin ya ninku, don tun daga mako na 20 mahaifa kan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini idan ta kwanta rigingine. Shi ya sa ake cusa matashi ƙarƙashin ƙugunta na dama, a karkata ta hagu kamar digiri 15. A auna jini kowane minti 1 zuwa 2 har a ciro jariri. Alamar farko sau da yawa tashin zuciya ce, ko hamma, ko ta ce "ina ganin jiri". Sabon ma'aikaci yakan ruga neman maganin amai, alhali awon jini ya kamata ya fara yi. Idan awon jini na sama ya sauka ƙasa da 100, wato 10 a ƙirgar da muka saba da ita a nan, ko ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar na yadda ta zo, a ba da efedirin miligiram 6, a maimaita idan ta kama, a buɗe ruwa. Inda akwai fenilefirin, maikirogiram 50 zuwa 100 ya fi dacewa idan zuciya na gudu. Bugun zuciya ƙasa da 50 a minti, atirofin miligiram 0.5.

Maganin mai nauyi gangare yake bi. Idan aka sunkuyar da kan tebur a mintuna 10 zuwa 15 na farko don a gyara jini, sai ya malala sama zuwa ƙirji da wuya. A ɗaga ƙafafu kawai, kai da kafaɗa su zauna a kan matashi. Ana gwada inda ya kai da auduga mai sanyi: aikin ciro jariri na buƙatar rashin jin sanyi har daidai kan nono. Ya wuce haka an shiga haɗari, don haka ma'aikaci ba ya daina hira da ita. "Hajiya, matsa mini hannu. Yaya sunan babban ɗanki?" Idan riƙon ya yi sanyi, yatsu suka fara mutuwa, murya ta koma raɗa, zuciya ta rage gudu, maganin ya hau da yawa. A kira taimako, a ba da oksijin, a hura mata numfashi da jaka, a sa bututu, a riƙe jini da adiranalin. Wannan abu ne mai wucewa, idan an riƙe numfashi da jini na awa ɗaya ko biyu za ta farka garau. Abin da ke kisa shi ne a ankara a makare.

Ba a yin allurar baya ga wadda ke zubar da jini da yawa ko jikinta ya bushe ba a gyara ba, ko wadda jininta ba ya daskarewa, kamar mai jijjigar ciki, wato jijjigar masu juna biyu, da ƙwayoyin daskarar da jini suka ragu ƙwarai, ko mai ƙurji a wajen da allura za ta shiga, ko wadda ta ce ba ta yarda ba. Batun da ake yaɗawa cewa tana gurgunta mutum ko ta bar ciwon baya na har abada: lalacewar jijiya ta dindindin abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, abin da aka saba gani tsamin wajen allurar ne na 'yan kwanaki.

Ketamin

Maganin sa barci ne da aka haɗa a 1962, kuma shi ne madogarar ƙananan asibitoci, domin yawanci yakan bar mutum yana numfashi kuma ba ya kayar da jini, ɗaga shi ma yake yi. Ta jijiya miligiram 1 zuwa 2 ga kowane kilo, ya kama cikin minti ɗaya, ya yi minti 10 zuwa 15. Ta tsoka miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo, ya kama cikin minti 3 zuwa 5, ya kai minti 20 zuwa 30. Ga wanda ya zubar da jini ko yaro mai ƙuna da za a wanke wa ciwo, samun kamarsa da wuya.

Sauƙinsa ne ke sa a raina shi. Idan aka tura shi da sauri numfashi kan tsaya na ɗan lokaci, don haka a tura a hankali cikin minti ɗaya. Yana ƙara yawu, yawun ya taɓa bakin maƙogwaro ya rufe shi gam. Za ka ji ƙara siririya idan ana jan iska, ko ka ga ƙirji na fafutuka ba iskar da ke shiga. A zuƙe yawun, a tura muƙamuƙi gaba, a matsa oksijin da jaka. Atirofin maikirogiram 10 zuwa 20 ga kowane kilo kafin a fara yana rage yawun. Ketamin ba ya hana abin ciki shiga huhu, ƙa'idar hana ci tana nan daram. Mai hawan jini mai tsanani da mai jijjigar ciki ana kauce musu shi.

Iyali su sani cewa idon mai ketamin kan zauna a buɗe yana rawa, hannu ya motsa, alhali ba ya jin komai. Wajen farkawa wasu kan yi sambatu, su yi kuka, su ga abubuwan da ba su nan, manya sun fi yara. Ba aljanu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba, maganin ne ke fita. A rage haske da hayaniya, mutum ɗaya ya zauna kusa, a daina jijjiga shi ana kiran sunansa. Ɗan diyazefam ko midazolam na rage wannan, amma yana ƙara nauyin barci da danne numfashi, don haka wanda aka ba su ya fi buƙatar ido.

Barcin gaba ɗaya da bututu

Aikin cikin ciki na sama, ƙirji, wuya da kai yana buƙatar wannan. Ana fara shaƙa wa mutum oksijin zalla na minti 3, a cika huhunsa, don ya sami abin rayuwa a lokacin da numfashi zai tsaya ana sa bututu. Mai ciki, mai ƙiba da ƙaramin yaro, ajiyarsu ba ta daɗewa. Furofofol ko tiyofental su ne ke kawo barcin, duka biyun suna kayar da jini, don haka tsoho da wanda ya bushe a rage musu. Mafi munin kuskure a nan shi ne bututu ya shiga hanyar abinci ba a gane ba. A ga shigarsa da ido, a saurari ƙirji dama da hagu da kan ciki, inda akwai na'urar awon iskar da ake fitarwa ita ce hujja. In ana kokwanto a zare, a koma hurawa da jaka.

Sukzametoniyom, mai saki tsoka cikin minti ɗaya, firiji yake so, zafinmu na rage masa ƙarfi. Ba a ba wa wanda ya ƙone bayan kwana ɗaya ko biyu da ƙunar, ko wanda ya daɗe da shanyewar jiki, don yana ɗaga sinadarin fotasiyom har zuciya ta tsaya. Shi da iskar sa barci ta halotan da isofuluran suna iya tayar da wata cuta ta gado mai wuyar samu: tsoka ta sandare, zuciya ta yi gudu, zafin jiki ya yi ta hawa. A kashe iskar nan take, a sanyaya jiki, maganinta dantirolin, miligiram 2.5 ga kowane kilo. Halotan kuma ba ya jituwa da adiranalin, yakan rikita bugun zuciya, likitan fiɗa ya sanar kafin ya yi allurar da ke ɗauke da shi.

Ko a garin zafi mai barcin magani sanyi yake kamawa. A awa ta farko ɗumin cikin jiki kan ragu da maki 1 zuwa 1.5, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga ruwan leda. Sanyi na hana jini daskarewa, yana jinkirta farkawa, yana sa ciwo ya yi ruwa. A rufe duk inda ba a aiki a kai, jariri har da kansa.

Na'urar awon oksijin da ke yatsa ta nuna 94 zuwa sama. Ƙasa da 90 gaggawa ce. A baƙar fata takan ɗan nuna sama da gaskiya, don haka 91 ko 92 ba abin kwantar da hankali ba ne. Kada a jira leɓe ya canza launi, a duba harshe da dasashi, kuma mai ƙarancin jini na iya rasa oksijin launinsa bai nuna ba.

Lidokayin wajen kaciya da ɗinki

Ƙaramar allura ce mai kashe zafi a wajen da za a yi aikin kaɗai, amma tana da iyaka: miligiram 3 ga kowane kilo idan zalla ce, 7 idan tana da adiranalin. Mai kashi 2 cikin ɗari tana da miligiram 20 a kowace mililita, don haka yaro mai kilo 20 iyakarsa mililita 3. A auna nauyin yaro, a ja sirinji baya kafin a tura don kada a zuba a jijiyar jini, kuma ba a sa mai adiranalin a mazakuta. Mutuwar leɓe, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, su ne ke zuwa kafin jijjiga. A tsaya, a ba da oksijin, a kira taimako.

Aikin mai jinya bayan an fito

Wanda bai gama farkawa ba a kwantar da shi ta gefe, fuska na kallon ƙasa kaɗan, don amai ya zubo waje. A awa ta farko a duba shi kowane minti 15. Ku buɗe agogon waya ku ƙirga tashin ƙirji na minti ɗaya cur. Babban mutum 12 zuwa 20 yake yi. Ƙasa da 10 a kira nas, musamman idan an ba shi morfin, akwai allurar nalokzon mai karya shi. Minshari mai ƙarfi a wannan lokaci ba daɗin barci ba ne, harshe ne ya koma baya ya tare hanya: ku ɗaga haɓarsa sama, ku aika a kira ma'aikaci. Ku riƙa gwada shi: "Baba, buɗe ido. Baba, ka san inda kake?" Wanda ya fara amsawa sannan ya koma ba ya tasuwa, kada a jira zagayen safe.

Majinyacin da ke fizge-fizge yana son sauka daga gado, a fara neman dalili kafin a danne shi ko a nemi allurar kwantarwa. Ƙarancin oksijin, cikar mafitsara, zafi da zubar jini ta ciki duk suna kawo haka. Gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, bugun zuciya sama da 120, tafin hannu ya yi fari, alamun jini ne ke zuba. Ga mai jego a duba ƙunzugu, idan ya jiƙe sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya ko gudaji na fita, a yi kira. A duba ledar fitsari: babban mutum ya kamata ya ba da kamar mililita 30 a awa. Wanda ba a sa wa roba ba, ya yi awa 6 zuwa 8 bai yi fitsari ba mararsa ta kumbura, allurar baya ce ta sa mafitsara ba ta jin cika, a faɗa a sa masa roba.

Ƙafafun da aka kashe ba sa jin wuta. Rawar ɗari ta zama ruwan dare bayan tiyata, bargo ne maganinta. Kada a kawo kaskon gawayi ko gorar ruwan zafi kusa da ƙafafun, wankan jego da gashi kuma a jira izinin likita. Motsi kan dawo cikin awa 2 zuwa 4. Idan awa 4 ta cika ba ta iya ɗaga ƙafa miƙe daga kan katifa ba, ko ƙarfin ya dawo ya sake tafiya, a kira ma'aikacin sa barci a daren, don jini na iya taruwa ya danne laka, kuma awoyi ne ke raba warkewa da nakasa. Tashin farko a zauna a bakin gado tukuna, wani na riƙe.

Amai kan sami kusan mutum ɗaya cikin uku, ya fi yawa ga mata, da marasa shan taba, da masu amai a mota. Ondansetiron miligiram 4 na taimakawa. Ruwa sai an farka sosai ana iya haɗiye yawu, kurɓi-kurɓi. Mai aikin hanji ya jira maganar likitan fiɗa. Kada a ƙara wa majinyaci wani magani daga aljihu a kan na asibiti. Da ya dawo hayyacinsa, ya ja dogon numfashi sau 10 kowace awa, ya yi tari yana danne ciwon da matashi, saboda barcin magani na sa ƙasan huhu ya lotse, nan ciwon huhu ke farawa. Takawa da wuri na hana jini daskarewa a ƙafa. Ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, a sanar. Tsoho kan rikice na 'yan kwanaki, ya manta inda yake, fuskar da ya sani da hasken rana da isasshen ruwa suna taimaka masa.

Bayan sallama

Wanda aka sallama a ranar aiki kada ya hau babur ko ya tuƙa mota, kada ya ƙulla ciniki, sai bayan awa 24. Ciwon kai na allurar baya kan zo cikin kwana 1 zuwa 2, wani lokaci har 5. Ana gane shi da abu ɗaya: yana tsananta idan an zauna ko an miƙe, ya lafa idan an kwanta. Ruwan laka ne ke yoyo ta hudar allura, shi ya sa siririyar allura, lamba 25 zuwa 27, ta fi. Hana mutum matashi ko tilasta masa kwanciya tun farko ba ya hana shi zuwa. Farasitamol, isasshen ruwa, kofi ko shayi mai ƙarfi suna rage shi, yawanci ya tafi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ya ƙi, a manyan asibitoci akan ɗebi jinin mutum mililita 15 zuwa 20 a zuba a wajen hudar ya toshe ta. Ciwon kan da ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, ko gani biyu-biyu, ko jijjiga, ko wanda ba ya lafawa da kwanciya, wannan daban ne, a koma asibiti a ranar, mai jego kuma a auna mata jini.

Kafin ku bar asibiti, ku roƙi ma'aikacin sa barci ya rubuta a littafin asibitin majinyaci irin maganin da aka yi amfani da shi da duk abin da ya faru: wahalar sa bututu, ƙuraje ko kumburi bayan wata allura, jinkirin farkawa, zafin jiki da ya hau a kan tebur. Ku ɗauki hoton shafin a waya, don littafi kan ɓace, kuma aiki na gaba yana iya kamawa a wani gari ko a ƙetaren iyaka. Idan matsalar irin ta gado ce, a sanar da 'ya'ya da 'yan'uwa na jini su ma su faɗa duk ranar da za a yi musu tiyata.